Dan Allah makin da 'yan rod sefti ke rubutawa yana ƙara kuɗin inshorar mota?

Maman_Ilham:

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Dan Allah masu ilimin harkar mota da inshora ku taimaka min da bayani. Yaron da yake kai min yara makaranta 'yan rod sefti suka tare shi a titin Zariya wajen Na'ibawa yana amsa waya yana tuƙi, suka rubuta masa tikiti na naira 4,000, an biya, an karɓo lasin ɗinsa da suka riƙe, wannan ya wuce. To da ya kawo min takardar sai na ga kusa da kuɗin akwai gurbin maki, laifin nasa maki 4 ne. Na ɗauki hoto na tura wa yayana da yake zaune a Ingila kawai sai ga kiransa yana ta faɗa, wai in shirya kuɗin inshorata zai tashi, wai su a can maki kaɗan ma sai ya bi mutum shekara da shekaru yana biyan kuɗi, har cewa ya yi in sallami direban.

Motar da sunana take kuma inshorar ƙarshen watan gobe za ta ƙare. Makin nan a kan mota yake hawa ko a kan direba? Kuma da gaske za a ƙara min kuɗi? Ni dai gaskiya ba na son rabuwa da yaron, yana da hankali, yaran sun saba da shi, kuma mahaifiyarsa ce ta kira shi ranar ba ta da lafiya.

Tsohon_Ejan:

Wa alaikumussalam Hajiya. Ki kwantar da hankalinki, yayanki gaskiya ya faɗa miki amma gaskiyar ƙasar da yake zaune ce, ba ta nan ba.

Da farko maki a kan lasin direba yake hawa, ba ruwansa da lambar motarki. Na biyu, in dai ƙaramar inshorar nan ce da kowa yake yi, wadda ake cewa tad fati, ai ba kamfani ne yake yanke kuɗinta ba balle ya duba halinki ko na direbanki. Hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ita ce ta yanke, kuma kuɗi ɗaya ne ga kowa. Da naira 5,000 ne, daga 1 ga Janairun 2023 suka mayar da shi naira 15,000 ga motar gida, suka kuma ɗaga abin da kamfani zai iya biya in kin lalata dukiyar wani daga miliyan 1 zuwa miliyan 3. Wanda ya yi shekara talatin yana tuƙi ko kaza bai taɓa takewa ba, da yaron da ya karɓi lasin jiya yake wasa da mota a titin gidan zu ranar ɗaurin aure, duk 15,000 ɗin za su biya.

In kuma babbar ce kike yi, wadda in motarki ta lalace ko an sace ita ma za a biya ki, to nan lissafin a kan darajar motar yake. Ƙa'idar da aka fitar tare da wancan ƙarin ta ce kada ya gaza kashi 5 cikin ɗari na kuɗin motar, wato motar miliyan 10 kina maganar naira 500,000 a shekara. A nan ne kamfani yake ɗan duba mutum, amma abin da suka fi dubawa shi ne sau nawa kika zo neman diyya, ba tikitin waya ba. Sai dai fom ɗin da ake cikewa yawanci yana da tambaya a kan haɗarin baya da ko an taɓa hukunta mai tuƙa motar a kan laifin hanya, in an tambaye ki ki faɗi gaskiya, don ranar da abu ya faru wannan fom ɗin za su fara zarowa daga fayil.

Wacce iri kike da ita?

Maman_Ilham:

Na gode Baba, Allah ya saka da alheri. Ƙaramar ce, tare da sauran takardun mota ake yo min ita duk shekara, wani ne yake zuwa ya karɓi kuɗin ya kawo min su a ambulan.

Bakano_a_Birmingham:

Anti yayanki bai yi ƙari ba wallahi, mu nan Ingila abin da muke fama da shi kenan, bari in ba ku labarin yadda yake don masu shirin zuwa karatu ko aiki su sani tun daga gida.

Nan inshora ba motar kawai take kallo ba, kai take kallo. Kafin su ba ka farashi sai sun tambayi shekarunka, unguwar da kake kwana, aikin da kake yi, inda motar take kwana ko a titi ko a gareji, mil nawa kake ci a shekara, shekara nawa ka yi da lasin, sannan babbar tambayar, ko an taɓa kama ka da laifin tuƙi cikin shekara 5 da suka wuce. Mutum biyu mota iri ɗaya layi ɗaya amma kuɗinsu daban. Kuma kowane laifi da lambarsa, gudun wuce ƙa'ida a titin gari SP30 ne, mafi ƙarancinsa fam 100 da maki 3, waya a hannu CU80 ne, tun watan Maris na 2017 suka mayar da shi fam 200 da maki 6, tuƙi ba inshora IN10 ne maki 6 zuwa 8 kuma suna iya ɗauke motar a wurin. Ka haɗa 12 cikin shekara 3 kotu za ta hana ka tuƙi, yawanci wata 6. In kuma sabon direba ne kai, wato ba ka cika shekara 2 da cin jarrabawa ba, maki 6 kacal ya isa a soke lasin ka koma ka sake jarrabawar daga farko, ta rubutu da ta titi. Kin ga da a nan ne yaron naki ya ɗaga wayar nan yana sabon direba, kira ɗaya ya raba shi da lasin.

Abin da ya fi ciwo shi ne lissafin shekarun bai zo ɗaya ba. Makin yana aiki shekara 3, yana zama a rajistar DVLA, hukumar lasin tuƙi ta nan, shekara 4, amma masu inshora shekara 5 suke tambaya, to sai ka ga a wajen hukuma ka fita amma a wajen kamfani kana nan kana biya. Na tuƙi cikin maye kuwa shekara 11 yake yi a rajista. Kuma ba maganar ɓoyewa, tun 2015 suka daina amfani da takardar da ake rubuta makin a jiki, komai ya koma kwamfuta, ka ba su lambar lasin su gani da kansu. In ka yi ƙarya ka samu farashi mai sauƙi, ranar da ka yi haɗari sai su ce yarjejeniyar ba ta nan, kuma daga ranar duk kamfanin da ka je sai ya tambaye ka ko an taɓa soke maka inshora.

Wani abokina da muke haya gida ɗaya kyamara ta ɗauke shi, ba ɗan sanda ba kowa, wasiƙa kawai ya tarar a ƙarƙashin ƙofa cikin farar ambulan da hoton bayan motarsa da lokaci har da minti. Tarar ba ta dame shi ba, da lokacin sabunta inshora ya zo ne ya zauna a kicin da kwamfuta a cinya yana ta shiga kamfani yana fita, shayinsa har ya huce, yana cewa wai shi da ya sani da ya karɓi ajin nan. Don in gudun bai yi yawa ba suna ba ka zaɓi ka biya ka zauna ajin wayar da kai na 'yan awanni a maimakon maki, amma sau ɗaya ne cikin shekara 3.

Direban_Unguwa_Uku:

Hhhh Bature kenan. Hajjaju ki bar yaro ya ci abincinsa, ki dai ja masa kunne. Ni tun ina yaron mota nake kan titin nan, Kano zuwa Kaduna, Kano zuwa Jos, ban taɓa jin wanda aka ce an ƙara masa ko sisi a inshora saboda maki ba. Mu inshora a wajenmu takarda ce da ake miƙawa ta taga in an tsayar da kai.

Ku faɗi gaskiya wa ya taɓa ganin an kira kamfanin inshora a titin Kano? Ranar nan a gabana wajen shataletalen Dangi ɗan adaidaita ya shigar wa wani Alhaji ta baya, danja ta fashe bamba ta sauko tana jan ƙasa, kafin Alhaji ya gama buɗe ƙofa yaron ya tsuguna ya riƙe masa ƙafar wando, mutane sun taru kowa na cewa Alhaji a yi haƙuri tsautsayi ne, wani mai lemo har ya kawo igiya aka ɗaure bambar. Ƙarshe yaron ya zaro 'yan canjin da ya yi tun safe duk sun cukurkuɗe, Alhaji ya kalle su ya ce riƙe abinka Allah ya kiyaye gaba, ya ja motarsa. Na san daga nan Ƙofar Ruwa ya nufa ya sayi danja da kuɗinsa ya kai wa mai gyaran jiki. Haka muke yi. To a irin wannan wane maki ne zai hau kan wa?

Tsohon_Ejan:

Malam direba abin da ka faɗa haka yake faruwa, amma ka lura Alhajin nan asara ya yi a kan abin da an riga an biya kuɗinsa. In ɗan adaidaitan yana da inshora ta gaske, kamfaninsa ne ya kamata ya gyara motar Alhaji, aikin tad fati ɗin kenan, ba ta gyara taka, ta wanda ka buga take gyarawa, har da jinya ko diyyar rai in abin ya kai haka. Abin da ake buƙata hotuna a wurin, lambar motoci, rahoton 'yan sanda, a sanar da kamfani da wuri, kuma kada ka riga ka yi alkawarin biya da bakinka. Mutane ba sa nema, shi ya sa kuɗin yake kwanciya.

Hajiya ke kuma amsarki ta fi tayar min da hankali a kan makin. Wannan mai kawo miki takardu a ambulan, ba na zarginsa don ban san shi ba, amma na ga irinsu da yawa, takarda mai kyau da tambari da komai alhali ba kamfanin da ya san da ita. Yanzu ɗauki wayarki ki danna *565*11# ki sa lambar motar, zai duba rumbun bayanan kamfanonin inshora, NIID, in ta gaske ce za ki ga sunan kamfanin da ranar ƙarewa. In an ce miki an yi miki a ƙasa da 15,000 ma ba sai kin duba ba, ta bogi ce. Kuma tun 1 ga Fabrairun 2025 'yan sanda suka sanar da fara tsaurara binciken wannan inshorar a faɗin ƙasa.

Sannan akwai wuri ɗaya da maki yake iya cizon ki ko a nan, kuma ba a farashi ba. Dokar rod sefti ta tanadi cewa in maki ya taru ana gargaɗi, ana dakatar da lasin, ana iya janye shi gaba ɗaya. Ita kuma takardar inshora in kin karanta ƙananan rubutun nan da ba mai karantawa, sharaɗinta wanda yake tuƙin ya zama da izininki, yana da lasin mai aiki, kuma ba a hana shi tuƙi ba. To in direbanki ya tara laifi har aka dakatar da shi, ko lasin ya ƙare bai sabunta ba, ko kuma tun asali na bayan fage ne, ya je ya buge motar mutane, kamfani ya samu ƙofar zillewa, ke mai mota ke za a riƙe. Don haka karɓi lasin yaron ki duba ranar ƙarewa da idonki, na shekara 3 ne ko na 5. Waya maki 4, gudu 3, rashin ɗaura bel 2, tuƙin ganganci 10, ba wuya suke taruwa ga wanda yake kan titi kullum safe da rana.

Injiniya_Kabuga:

Ni fa a ganina tsarin Ingilan nan shi ne adalci, kuma shi ya kamata a kawo mana. Don me ni da nake tsayawa a danja ko da ƙarfe 2 na dare zan biya daidai da wanda yake bin wan-we a gadar Ƙofar Nassarawa? Kuɗina ne ake rufe ɓarnarsa da shi. Tarar 4,000 yanzu ba ta taka kara ta karya ba, wa zai ji tsoronta? Amma in mutum ya san kira ɗaya zai bi shi shekara 5 a aljihu, wallahi sai ya faka ya amsa. Kuma kayan aikin duk muna da su, lasin yana da hoton yatsa, akwai NIN, inshora tana da rumbunta, haɗa su kawai ya rage.

Direban_Unguwa_Uku:

Injiniya kai da kake tuƙi daga gida zuwa ofis ka dawo ai dole ka ce haka. Ni da nake wuni a kan kwalta wa kake ganin maki zai fara cinyewa? Kuma su can kyamara ce take kamawa, ba ta san ɗan wane ba, ba ta san mota mai baƙin gilas ba. Nan mutum ne zai tsaya ya zaɓi wanda zai tare. Ka ba shi ikon ƙara min kuɗin inshora na shekara 5 ka ga ka ƙara wa rokon da ake yi a bakin titi tsada kenan, ba ka rage haɗari ba. A fara gyara wannan tukuna.

Bakano_a_Birmingham:

Maganar Malam direba akwai ƙamshin gaskiya, kuma akwai wani abu da ba a faɗa ba. Nan inshora sunan direba take bi, in ba a rubuta sunanka a kan motar ba yawanci ba ka da ikon tuƙa ta ko ta matarka ce, shi ya sa makin yake samun wanda zai kama. A gida kuwa mota ɗaya Alhaji zai fita da ita da safe, direba ya kai yara, ƙanin Hajiya ya ɗauka da yamma, ɗan maƙota ya ara ya kai mai naƙuda asibiti da dare. Makin wa kamfani zai duba? Sai an sauya yadda ake rubuta inshorar gaba ɗaya.

Kuma kada ku ɗauka nan kowa yana jin daɗinsa. Samari masu shekara 18 ko 19 ko ba su da maki ko ɗaya wani lokacin kuɗin inshorarsu ya fi kuɗin tsohuwar motar da suka saya, dole wasu suke yarda a maƙala musu wata 'yar na'ura da take lura da gudunsu da yadda suke taka burki da lokacin da suke fita. Mu baƙi ma haka, duk shekarun da ka yi kana tuƙi a Kano yawancin kamfanoni ba sa lissafa su, lasin Najeriya wata 12 kawai yake maka aiki daga ranar da ka zama mazauni, bayan nan sai ka ci jarrabawarsu, ka fara tara shekarun rashin neman diyya daga sifili, wanda shi ne yake sauke farashi a hankali.

Malama_Gwale:

Sannunku. Ni abin da ya sa na daɗe ban yarda da inshora ba shubuhar da malamai suke magana a kai ce, sai da na koma takaful. Na kawo maganar ne saboda Injiniya da yake cewa mai kiyayewa ba ya samun komai. A takaful kuɗin da kuka zuba gudummawa ce cikin asusu ɗaya, kamfani wakili ne yake juya shi, a biya waɗanda tsautsayi ya faɗa wa, in shekara ta ƙare an samu rara sai a raba wa waɗanda ba su nemi diyya ba. Ba maki suke dubawa ba, kuma ba dole ne a samu rarar kowace shekara ba, amma dai mai tuƙi da hankali yana iya ganin wani abu ya dawo masa. Akwai Jaiz Takaful, akwai Noor Takaful da wasunsu, duk NAICOM ce ta ba su lasisi kuma takardarsu tana fitowa a lambar nan da Baba ya bayar.

Maman Ilham ki saya wa yaron abin maƙala waya a jikin mota, ki ce masa in ke kika kira bai ɗauka ba ba za ki yi faɗa ba. Don mu ma iyayen gida muna da laifi, mu ne masu kira sau biyar muna tambayar kun iso ina.

Maman_Ilham:

Malama kin taɓo ni wallahi, hhh. Baba na danna lambar, ta fito da sunan kamfani da ranar ƙarewa daidai da ta takardar, alhamdulillahi. Amma wannan karon da kaina zan je in yi. Tarar 'yan Karota fa, ita ma tana cikin lissafin makin?

Tsohon_Ejan:

Madalla. Karota hukumar jihar Kano ce, tun 2012, dokarta ta jiha ce kuma tararta ta jiha ce. Jadawalin makin da kika gani a takardar nan na rod sefti ne, su na tarayya ne. Ko wacce ce dai cikinsu ba ta taɓa 15,000 ɗinki.

Direban_Unguwa_Uku:

Baba tunda kana kusa, ƙanena yana jan adaidaita, ta wani ce yake biyan balas kullum, shi ma 15,000 ɗin ne? Kuma wa zai biya, shi ko mai ita?

Tsohon_Ejan:

A'a, a jadawalin 2023 ɗin mai ƙafa uku naira 5,000 ne, ana biyan ɓarna har miliyan 2, babur 3,000, manyan motocin dakon kaya 100,000. Da sunan mai ita ake yi tunda sunansa ne a takardun, amma wanda aka kama a kan titi ba inshora shi zai fara kwana a ciki, don haka ya sa a nuna masa takardar ya danna lambar ya gani da idonsa. Ya kuma tabbata an rubuta ta a matsayin ta haya.